Ku Tambaya, Mu Amsa: Bin Sawun Kaka da Tono Tarihin Gida

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan kakanni suka taru, musamman irin kakan nan da ba a rasa shi a kowane dangi, mai bakin labari, wanda ko an shekara talatin da binne shi, da an ambaci sunansa sai wuri ya kaure da dariya. Masu aikin tattara tarihin baka da masu kula da tsofaffin takardu ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Kakanmu na wajen uba ya rasu ina 'yar shekara tara. Wai ya taɓa kokawa da kada, wai ya yi tafiyar wata uku a ƙasa, wai ya yi arziki sau biyu ya karye sau biyu. Kowa a dangi da irin nasa labarin. Ina so in rubuta tarihinsa saboda 'ya'yana, amma na rasa ta inda zan kama. — Jikar Mai-Labari

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da masu rai, takarda ta jira. Takardar da ta shekara saba'in a akwati za ta iya ƙara biyu a ciki. Goggon da ta haura tamanin ba mai ba ki wannan tabbacin a kanta. Ki zauna yau ki jera duk wanda ya san shi ido da ido: matarsa in tana raye, 'ya'yansa, ƙannensa, surukai, abokan sana'a, tsofaffin maƙwabta, yaran da ya koya wa aiki. Ki sa kimanin shekarun kowa a gaban sunansa, ki fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi jin jiki, ko da shi ne mafi nisa. Kuma kada ki tsallake mata. Maza sukan riƙe labarin bajinta da na sana'a, amma wa ya auri wa, wa ya girmi wa, wane yaro ne ya rasu yana goye, wannan galibi a bakin mata yake, kuma a kansa ake ɗora sauran ginin.

Ki riƙa ganinsu ɗaya bayan ɗaya. In kika tara su, mai babbar murya zai ƙwace zancen, saura su bi shi da "haka ne, haka ne", ƙanwar da ta san ba haka aka yi ba ta ja bakinta ta yi shiru don kunyar yayanta. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Tsoho in ya gaji sai ya fara ba ki amsar da za ta sallame ki. Gara zuwa uku gajeru da zuwa ɗaya na yini sur, domin abin da aka manta a zuwan farko yakan faɗo cikin dare, ki tarar yana jiran ki a zuwa na biyu.

Wayarki ta isa ɗaukar murya in kin kiyaye abubuwa kaɗan. Ki nemi izini tukuna. Ki rufe layin don kada kira ya katse ɗaukar. Ki ɗora wayar a kan matashi ko naɗaɗɗen zane, ba kan tebur ba, don tebur na kwaso kowane ƙwanƙwasa. Nisanta da bakin mai magana kada ya wuce kamu ɗaya. A kashe fanka da talabijin. Ƙugin fanka ba ya damun kunne a ɗaki, sai an zo saurare a ji ya haɗiye rabin maganar. Ki gwada na daƙiƙa talatin ki ji kafin ku shiga zance. In manhajar na ba da zaɓi, ki ɗauki tsarin WAV, wanda ba ya matse murya, maimakon MP3. Awa guda kan ci megabait 300 zuwa 700 gwargwadon saiti, don haka ki duba sararin wayar tun daga gida. Da kin kunna, ki faɗi kwanan wata, wuri, sunan mai magana da dangantakarsa da marigayin da bakinki. Sunan fayil na iya canzawa, abin da ke cikin muryar ba ya canzawa.

Wajen tambaya ne akasari ake faɗuwa. "Ba ni tarihin Kaka" ba ta haifar da komai sai "Allah sarki, mutumin kirki ne." Ki matso kusa. Ina yake zama da yamma? Me yake faɗa in ransa ya ɓaci? Wa yake shakka a gidan? Wane kaya ne ba ya yarda a taɓa masa? Ki tafi da hotonsa, ko sandarsa, ko wani abin aikinsa, ki miƙa wa tsohuwar ta riƙe. Sau da yawa sai ta jujjuya shi a hannu labarin ke ɓallewa. Kada ki sa wa mutum amsa a baki. In kin ce "Ashe da gaske ya yi kokawa da kada?" za a ce miki da gaske ne. Ki ce, "Tabon nan na ƙafarsa, me kika sani a kai?" In an yi shiru ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce uffan. In an faɗi abin da kika san kuskure ne, kada ki gyara, ki rubuta a gefe.

Tambaya ɗaya ce ba a barin ta a kowane labari: "Kin gani da idonki, ko ji kika yi? Daga bakin wa?" Wato kowane labari da isnadinsa. Ki kasa su uku: abin da mai faɗa ya gani, abin da ya ji daga Kaka, da abin da ya ji daga wanda ya ji. In mutum biyar suka ba ki labarin kada, kuma duka biyar ɗin daga bakin Kaka suka ji, shaida ɗaya gare ki, ba biyar ba. Amma in wata tsohuwar maƙwabciya ta ce tana tsaye aka shigo da shi ƙafa na zubar jini, to zance ya soma tsayuwa da ƙafarsa. Za ki lura shi kada ɗin yana ƙara tsawo daga 'ya'ya zuwa jikoki. Ki ajiye kowace ruwaya yadda aka faɗe ta, kada ki narka su su zama ɗaya.

Kada kuma ki zubar da labari don kin ga an sa masa gishiri. Mutumin da ya shekara arba'in yana ba yara labarin kokawarsa da kada, wannan ma tarihinsa ne, ko da ƙaya ce ta yanke shi. A wajen rubutu ake rabewa. "Kaka yakan ce ya yi tafiyar wata uku a ƙasa" gaskiya ce da kike da shaidu a kanta. "Kaka ya yi tafiyar wata uku a ƙasa" magana ce mai neman hujja.

Ranar da kika dawo ki sa wa fayil suna: shekara, wata, rana, sai sunan mai magana, don su jeru da kansu. Juya hirar awa guda zuwa rubutu yakan ci awa biyar ko fiye. In ba hali, ki saurara ki yi ɗan jadawali kawai: minti 12 auren fari, minti 31 karayar arziki.

Kakana ya rasu a 2004, dangi sun dage shekararsa 120. Ba takardar haihuwa, katin shaidarsa kuma 1 ga Janairu 1930 aka rubuta. Wanne zan ɗauka? — Autan Jikoki

Malam, kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. 1 ga Janairu ita ce ranar da ma'aikata a ƙasashe da yawa kan cike wa wanda bai san ranar haihuwarsa ba, shekarar da ta ƙare da sifiri ko biyar kuma sau da yawa kintace ne. Masu nazarin ƙidaya sun daɗe da sanin yadda jama'a ke cunkushewa a kan 30, 40, 45, 60. Ita kuma 120 ka auna ta da wannan: namijin da ya fi kowa tsawon rai da aka tabbatar da takardu, Jiroemon Kimura na Japan, ya rasu a 2013 yana da 116.

Yadda ake yi shi ne a yi wa shekarar shinge gaba da baya, a yi ta matsewa. Fara da 'ya'yansa. A ce ɗan fari 1948 ne, auta 1975. In a 1884 aka haife shi, kamar yadda 120 ke nufi, ya yi ɗan fari yana da 64, auta yana da 91. Ba a ce ba ya yiwuwa ba, amma sai da hujja mai ƙarfi. In 1930 ce, ɗan fari ya zo yana da 18. Sannan ka jera shi cikin 'yan'uwansa na ciki ɗaya. Tsakanin haihuwa da haihuwa galibi shekara biyu zuwa uku ne, kuma daga ɗan farin mace zuwa autanta ba kasafai ake wuce shekara 25 ba. In ka sami tabbatacciyar shekarar ƙane ɗaya, ka sami ma'aunin saura. Ka tambayi waɗanda suka rasu suna ƙanana, su ne ke bayyana giɓin shekara biyar ko shida a jerin.

Sai abubuwan da duniya ta shaida. Tsofaffi ba sa riƙe lambar shekara, amma suna riƙe "ina goye aka yi kaza", "ina famfara aka yi kaza", "shekarar aurena aka yi kaza". Famfara wajen shekara shida zuwa bakwai ce, kuma abin da mutum ya tuna da kansa da wuya ya faru kafin ya kai uku ko huɗu. Annobar murar da ta game duniya 1918 zuwa 1919 ce. Yaƙin Duniya na Ɗaya 1914 zuwa 1918, na Biyu 1939 zuwa 1945. Husufin rana ya fi su duka daɗin aiki, domin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta wallafa jadawalin husufai na shekara dubu biyar da hanyar da kowanne ya bi, kuma cikakken husufi ba ya yawan maimaita wuri guda. In tsoho ya ce rana ta yi duhu tsakar yini har tsuntsaye suka koma sheƙa, kana iya samo ranar da sa'ar. Tauraruwa mai wutsiya kuwa a yi hattara: ta Halley ta fito a 1910 da 1986, amma an ga wata mai tsananin haske a 1882, wata a 1965. Fari, yunwa, ambaliya da farin ɗango sun fi yaudara, don suna dawowa. Sai ka haɗa da wata alamar kafin ka san wanne ake nufi.

In ka sami shekarar Hijira a gefen littafi ko wasiƙa, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1340 za ta ba ka 1921.8, kuma lallai ta fara a Satumbar 1921 ta ƙare a 1922. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka mai shekara 100 a lissafin wata 97 gare shi a lissafin rana. A ƙarshe abin da za ka rubuta shi ne "tsakanin kaza da kaza", da dalilanka a ƙasa. Kada ka ƙirƙiro rana don gurbi ya cika. Da ta shiga littafi, jikokinka za su ɗauke ta kamar yankan wuƙa.

Kakanmu yakan ce ya yi yaƙin Bama (Burma, Myanmar ta yanzu) a rundunar Ingila. Abin da ya bari tauraro ne mai ƙyalle, ba suna a jiki. Wani ya ce min na kasuwa ne. — Jikan Tsohon Soja

Rashin suna ba ya nuna jabu ne. Lambobin yabo na Yaƙi na Ɗaya Ingila ta buga musu lambar soja, muƙami, suna da runduna a gefe ko a baya, amma na Yaƙi na Biyu akasarinsu haka ta raba su ba suna. Tauraron Bama tsini shida gare shi, ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo, kuma an ba waɗanda suka yi aiki a fagen daga Disambar 1941 zuwa Satumbar 1945. Sai dai tunda ba suna, shi kaɗai bai tabbatar ba, bai kuma ƙaryata ba. Kada ka goge shi da yashi ko man ƙarfe, kada ka canza ƙyallen.

Abin nema shi ne lambarsa ta soja. Tana kan littafin sallama, littafin albashi, takardar fansho, wani lokaci a bayan hoto. Tsofaffin sojoji da yawa sun haddace ta har mutuwa, ka tambayi 'ya'yansa ko yakan rattabo ta. Da sunan bataliya a hannu, sai ka nemi littafin da rundunar ke rubuta aikinta na kullum. Suna ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan, na fagen kudu maso gabashin Asiya a jerin WO 172. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja ba, amma suna faɗin inda rundunar ta kwana, kogin da ta ƙetare, ranar da aka yi artabu. Ka ɗora wannan kan labarin Kaka ka ga inda suka haɗu. Fayilolin sojojin ƙasashen da aka mulka kuwa sau da yawa a can ƙasashen aka bar su, don haka ka tuntuɓi ofishin fanshon soja da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasarku.

Mutane kan ruga shafin Commonwealth War Graves Commission, su rasa sunan, su ce tsoho ya yi ƙarya. Shafin na waɗanda suka mutu ne, kimanin miliyan 1.7 a yaƙunan biyu. Wanda ya dawo gida ba ya ciki. Ga inda zai amfane ka: in Kaka yakan ambaci abokinsa da aka kashe a gabansa, nemi sunan abokin. In ya fito da rana da runduna, ka sami shaidar da ba daga gidanku ta fito ba. Wanda kakansa a rundunar Faransa ya yi, ya duba shafin ma'aikatar tsaron Faransa, Mémoire des hommes, ya kuma rubuta wa ma'adanar fayilolin soja da ke garin Pau a Faransa.

Na buga sunan kakana a shafukan binciken asali na intanet, ba abin da ya fito. Ke nan ba a rubuta shi ko'ina ba? — Mai Nema

Abin da ke intanet tsakure ne daga abin da ke jibge a ma'adanai, kuma na Turai da Amurka ya fi yawa. Sunan za ka fara tuhuma. Magatakarda na rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar rubutun harshensa: Muhammad ɗaya zai fito Mohammed, Mohamed, Mahamadou, Mamadou; Yusuf ya koma Youssouf. Ka jera duk sunayen da aka san shi da su, na yanka, laƙabi, na sana'a, da kowace siga da za a iya rubuta kowanne. Wasu ma da sunan kawu ko na mai riƙonsu suka shiga makaranta ko aiki.

Sannan ka tambayi kanka, a ina rayuwarsa ta gogi hukuma? Nan ake rubuta talaka: haraji, kotu, rabon gado, cinikin fili, rijistar makaranta, asibiti, fasfo, lasisi, ɗaukar aiki, kurkuku. Kakan da ake ba da labarinsa ma ya fi salihi sa'ar shiga takarda, don mai rigima ne ke zuwa gaban alƙali. Ma'adanai ba da sunan mutum suke jera fayil ba. Da ofishin da ya samar da takardar ne, sai lardi ko gunduma, sai shekara. Dole ka san sunan da yankin ke amsawa a wancan zamanin da gundumar da yake ƙarƙashinta, domin iyakoki sun sha canzawa. Ka kira kafin ka je, ka tafi da katin shaida da fensir, yawanci ba a yarda da biro. In an bar ka ɗaukar hoto, ka fara da bangon fayil mai lambarsa, in ba haka ba bayan wata shida kana da hoto ɗari uku ba ka san daga ina suke ba.

Wasu takardun rufe su ake yi zuwa wani lokaci: ƙidayar Amurka shekara 72, ta Ingila 100. Wasu kuma wuta ta ci, kamar gobarar 1973 a St. Louis da ta cinye fayilolin sojojin Amurka miliyan 16 zuwa 18. Rashin takarda ba hujja ba ce cewa abu bai faru ba. Shafin FamilySearch kyauta ne, amma ka san abu biyu: jerin dangin da ke kansa duk mai rijista na iya gyarawa, don haka alama ce kawai ta inda za a duba, kuma na cocin Mormon ne, wanda ke da manufarsa ta addini wajen tattara sunayen mamata.

Mun buɗe akwatin ƙarfe na kakanmu: wasiƙu, rasitai, hotuna da kaset uku. Wasu sun manne, akwai wari. Yayana ya ce a kai a yi musu laminatin. — Wata Hajiya

Hajiya, ki hana shi. Laminatin zafi ne da gam, yana kama jikin takardar har abada, in an zo cirewa da rubutun yake tafiya. Haka salatif, yana bushewa ya bar tabo ruwan ƙasa. Robar ɗauri tana narkewa ta manne. Ƙusar stefula tana tsatsa ta ci gefen takarda.

Kafin ki motsa komai ki ɗauki hoton akwatin yadda yake, ki kuma bar kowane ɗauri da 'yan'uwansa. Abin da mutum ya ɗaure wuri guda yana da dalili, kuma wasiƙar da ba kwanan wata maƙwabtanta ne ke nuna zamaninta. Warin nan funfuna ce. Ki fitar da su inuwa mai iska, ba rana ba, ki rufe hanci, ki shimfiɗa su su bushe, sannan ki share da burushi mai laushi. Ban da jiƙaƙƙen tsumma. Hotunan da suka manne kada ki ɓamɓare, fuskar ce za ta biyo. Ki ajiye su haka sai an sami gwanin gyara. In akwai fim ɗin wanke hoto mai warin tsami, ya fara ruɓewa ne, ki ware shi. Wanda ya girmi farkon shekarun 1950 kuma yana iya zama irin mai saurin kama wuta, a nisanta shi da zafi.

Wajen kwafa da na'urar sikan, takarda a sa 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan), hoto 600, fim 2400, a ɗauka da launi ko da baƙi da fari ne, a ajiye a tsarin fayil na TIFF, mai riƙe ingancin hoto. Gaba da baya za a ɗauka, don hatimin mai hoto da ke baya yakan ba da gari da zamani. In da waya ce, a yi kusa da taga da rana, ba walƙiya, wayar ta daidaita da takardar. WhatsApp na matse hoto, sai an tura shi a matsayin fayil yake isa lafiya. Manhajojin da ke "gyara" tsohon hoto kuwa ƙirƙiro fuska suke yi inda ta dushe. A yi wasa da su in ana so, amma na asali ya zauna daban. Ki kai wa tsofaffi kwafi ki ce "wane ne wannan?" ba tare da kin faɗi zatonki ba, ki rubuta amsar a gefen bayan hoton da fensir mai laushi, 2B.

A ajiye su tsakanin farar takarda, ban da jarida, cikin kwali da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bangon da ruwa ke duka. Laimar da ta haura kashi 65 cikin ɗari ita ke kiran funfuna. A buɗe sau biyu a shekara a duba gara da kyankyaso. Kaset kuma ki karya 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada a goge shi bisa kuskure, ki juya zaren da biro ki ga yana tafiya, ki gwada rediyon da kaset marar amfani tukuna, kuma kunnawar farko a haɗa da kwamfuta tana ɗauka, don tana iya zama ta ƙarshe. Komai a yi masa kwafi uku, ɗaya a wani gida daban.

Baffana ya ba ni salsalarmu, suna tara, ta ƙare a kan wani shahararren mutum da ya rayu shekara 800 da suka wuce. Gwajin DNA zai tabbatar? — Ɗalibi

Fara da lissafi, ɗan'uwa. 800 a raba tara ya ba kowane uba kusan shekara 89 kafin ya haifi na gaba. Tsakanin uba da ɗa kuwa a dunƙule wajen 30 zuwa 35 ne, wato ana bukatar suna 23 zuwa 27. Wannan bai sa Baffa maƙaryaci ba. Haka salsalar baka take a ko'ina: tana riƙe na kusa, tana riƙe tushe, tsakiya ta zube. Masanin tarihin baka ɗan Beljiyam, Jan Vansina, ya yi bayanin wannan giɓin. Masu suna ɗaya sukan narke su zama mutum guda, wa da ƙane su koma uba da ɗa, mai riƙo ya maye gurbin mahaifi. Ka rubuta ta yadda Baffa ya faɗa, da sunansa a kai, amma naka binciken daga kanka zai tashi ya yi baya, tsani-tsani. Wanda ya faro daga shahararren mutum yana gangarowa, ko ta halin ƙaƙa sai ya iso gidansu.

Ka ba kowa lamba: kai 1, uba 2, uwa 3, uban kowa ninkin lambarsa ne, uwarsa ninki da ɗaya. Kakanni 4 zuwa 7, iyayensu 8 zuwa 15. Nan za ka ga salsala layin 2, 4, 8, 16 kaɗai take bi, alhali a hawa na goma gurbi 1,024 ne. Manhajar Gramps kyauta ce, kuma tana fitar da aikin a tsarin GEDCOM da sauran manhajoji ke karantawa.

Gwajin iri uku ne: na Y da ke bin uba zuwa ɗa, na layin uwa, da na gama-gari. A na ukun kana ɗauke da rabi daga kowane mahaifi, kimanin kashi 25 daga kowane kaka, 12.5 daga iyayensu. Bayan hawa shida ko bakwai akwai kakannin da ba ka gaji komai nasu da gwaji zai gani ba. Ba gwajin da ke buga sunan mutumin shekara 800. Iyakar na Y ya ce kai da wane kun haɗa kaka ta wajen uba. Kason ƙabilu da ake nunawa kwatance ne da samfuran da kamfani ke da su, yana canzawa in sun sabunta. Ka kuma sani yana iya tono abin da ba ka tambaya ba game da wa ya haifi wa, kuma bayanan na iya fita: a 2023 an sace na mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin 23andMe.

Na gani a takardar kotu an taɓa ɗaure kakanmu wata shida kan bashi, kuma akwai ɗa da ba a taɓa faɗa mana ba. In sa a littafin? — A sakaya sunana

Ka fara tabbatar da shi ne. Suna ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. Sai sunan uba, sana'a, wuri ko shekaru sun dace, aƙalla biyu daga ciki. Ka karanta fayil ɗin har bango, don ɗaukaka ƙara ko biyan bashin a shafukan baya suke.

In shi ne, ka riƙe littafi biyu: kundin bincike mai ɗauke da komai da lambar fayil, da na rabawa dangi. Ɗaurin bashi na shekara saba'in da suka wuce ba ya cutar da mai rai, wataƙila ma shi ne karayar arzikin da ake ba da labari ana dariya. Ka sami babba cikin 'ya'yansa ku keɓe, sau da yawa za ka tarar ya sani. Maganar ɗa daban ce, don ta taɓa nasaba da gado da mutanen da ke raye, kuma can ɓangaren ma wataƙila ba su sani ba, ko ba sa so. Ba a zauren WhatsApp na dangi ake buɗe ta ba. A bi ta hannun dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa. In ya ce a dakata, ka sa takardun a ambulan, ka rubuta a bayansa wanda zai buɗe da kuma yaushe.